Turmin Ɗangiwa

Kofur Ɗanmaliki ya dawo Jabo shekara biyu bayan samun mulkin kai, da usur a wuya. Shekara bakwai ya yi a soja. Mutum ne mai ƙwazo, aibinsa ɗaya: abin da bai gani a bariki ba, a wurinsa ba daidai ba ne.

A kakar nan mutanen garin Fakku suka gayyaci Jabo kokawa. Shekara uku ke nan ana kayar da Jabo, sai dattawa suka danƙa wa Kofur samari ya shirya su. Shi kuwa ya kawo musu atisayen soja: a durƙusa, a dafa ƙasa, a harba ƙafafu baya, a dawo, a daka tsalle. Sau hamsin, kowa da kowa, da busa ɗaya.

Sirara suka iya. Amma Ɗangiwa, babban ɗan kokawar garin, ƙato ne mai ɗaukar buhun gero a kafaɗa ɗaya. Ran na huɗu gwiwoyinsa suka kumbura.

"Kofur," in ji shi, "tsallen ga ba ya yi da jikina. Bari in dafa turmi, in ja ƙafa ɗaya-ɗaya, in miƙe ba tsalle. Sai in yi maka ɗari."

"Turmi na mata ne. A bariki mutum ɗari, ƙidaya ɗaya."

"Nan ba bariki ba ne, kuma da gwiwar ga nika cin abinci. Ba ni yi."

Kofur ya kore shi a gaban yara, ya sa Na'iya a gurbinsa. Na'iya ma mai jiki ne, sai dai yana jin kunyar musu, ya yi ta dirka tsalle yana cije leɓe.

Ɗangiwa ya koma gida ya kife turmin matarsa Hadijatu. Kullum da hantsi yana dafawa yana miƙewa, ita tana ƙirga masa tana tsiya: "Malam, ka yi sauri, hatsi na jiran turminai."

Ranar kokawa a Fakku, Na'iya ya shiga fili yana ɗingishi. Gwanin Fakku ya duba ƙafar, ya taɗe ta, shi ke nan. Aka ɗauke Na'iya a kan ƙyaure. Saura karo ɗaya, Jabo ba ta da kowa.

A al'ada, wanda makaɗi ya kaɗa wa takensa, shi ke shiga. Tsoho Tambaya makaɗi ya gyara ganga.

"Na cire sunan Ɗangiwa," in ji Kofur.

"Daga takardarka ka cire. Ba ka cire daga gangata ba."

Ya saki taken Ɗangiwa. Ɗangiwa ya fito daga cikin 'yan kallo, ya tuɓe riga. Suka daɗe a sarƙe, gwanin Fakku na neman gwiwa, gwiwa ta ƙi lanƙwasa. Da gwanin ya gaji, Ɗangiwa ya ɗaga shi ya ajiye.

Kashegari dattawa suka karɓe samarin daga hannun Kofur. Na'iya bai sake kokawa ba, ko noma sai da ya yi damina guda bai yi ba.

Darasin a fili yake. Motsa jiki don ƙarfafa jiki ake yinsa, kuma Allah bai yi jikuna iri ɗaya ba. Mai koyarwa ya dubi wanda ke gabansa ya gyara masa atisaye daidai da ƙirarsa. Kai kuma, in abu yana cutar da kai, ka faɗa, ko da mai usur ne ya sa ka.