Mangwaron da Alhaji Ya Ce Ya Ƙare a Duniya

Akwai wani ɗan kasuwa a Gaya, Alhaji Abduljalil, mai kamiyo shida, manyan motocin dakon kaya, da ke tsallaka gada zuwa Malanbil. Mutumin kirki ne, amma wallahi akwai shi da cika baki.

Wata tafiya da ya yi Kwatano ya sayo wani tsohon littafin Faransanci, ya fi shekara ɗari, cike da hotunan 'ya'yan itace da aka zana da hannu. Irinsa kaɗan suka rage, masu tara tsofaffin littattafai har rububinsa suke yi. Alhaji ya sa shi cikin gilashi a shago, ba mai taɓawa sai shi.

Ran nan yana nuna wa mutane hoton wani mangwaro mai jan kumatu da lanƙwasasshen baki, ya ce, "Wannan ya ƙare a duniya. Sai dai a littafina."

Inna Aisata, wata dattijuwa daga Tanda mai tallan lemo, ta leƙo ta ce, "Alhaji, ai wannan yana garkata. Marigayi maigidana ne ya yi masa aure da reshen da kakansa ya bari."

Alhaji ya kwashe da dariya. "Haba Inna, da girmanki? Ƙarya ba ta yi miki kyau ba."

A gaban jama'a fa ya faɗa. Inna ta ɗauki tirenta ta fita. Matar da ba a taɓa kamawa da ƙarya ba, sai ga 'yan kasuwa suna kiranta "mai mangwaron littafi". Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ga shi itacen ko fure bai yi ba, ba ta da abin nunawa. Wata huɗu tana haɗiye wannan tsiya.

Da bazara ta yi, ta shigo shagon ranar kasuwa da reshe guda, ganyensa da 'ya'yansa uku.

"Buɗe littafinka, Alhaji."

Ya buɗe. Ta ajiye reshen gefen hoton. Jan kumatun nan, bakin nan, har tsawon ganyen, babu bambanci.

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, Inna. Na zalunce ki. Ki sayar mini da itacen, ko nawa ne."

"Na yafe. Itace kam ba na sayarwa ba ne. Duk mai son reshe ya zo Tanda, kyauta."

Ta yanka ɗaya ta rarraba wa waɗanda suka yi mata dariya, ta miƙa wa Alhaji nasa.

"Sha ka ji. Mai zanen nan bai iya zana maka zaƙinsa ba."

Ni dai har yau in na tuna Inna Aisata sai in ji kaina ya yi girma.

Darasi: Kada ka ƙaryata mutum don bai yi lakwal ba, wato karatun boko. Wani abin da kake taƙama da shi a takarda, yana raye a hannun tsofaffinmu. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tsoho ko tsohuwa a gida.