Ɗaliba ta Bakwai

To, ku matso, ga ta nan ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani ƙauye an yi wani malamin firamare, Malam Shekarau. Rijiyar garin ta ƙafe, mutane suka yi ta ƙaura, har ɗalibansa suka koma bakwai. Sai mai duba makarantu ya zo ya ce, "Malam, ran da suka kasa bakwai, zan rufe makarantar nan."

Shi kuwa Malam ba ya koyar da lissafin sau a kan allo. Yaran yake jerawa sahu-sahu. Da suna sha biyu abin ya yi daɗi: uku sau huɗu, biyu sau shida, ba mai saura. Sai dai yana da wata ɗabi'a, kullum daga dogo yake fara jeri.

Ran Litinin ya ce, "Yau za mu nemo lambobin da ke raba bakwai. Ku tsaya bibbiyu!"

Sai suka tsaya, sahu uku. Sai Ladingo, 'yar ƙaramarsu, ta saura ita kaɗai a rana.

Malam ya ce, "Biyu sau uku?"

Suka ce, "Shida!"

"Saura fa?"

"Ladingo!"

Ya yi dariya, ya wuce.

Ran Talata ya ce, "Ku tsaya uku-uku!" Sai sahu biyu suka cika. Sai Ladingo ta saura. Wani dogo, Cindo, ya ce, "Malam, wannan 'yar ce ke ɓata mana lissafi." Malam ya ce, "Rufe mana baki, sarkin surutu." Bai ƙara ko kalma ba.

Ran Laraba ya ce, "Shida-shida!" Sai sahu guda ya cika. Tun bai tambaya ba yara suka ɗauki waƙa, "Saura! Saura!" Shi kuwa murna yake, ya kai inda yake so. Ya ce, "Kun gani? Bakwai ba ta rabuwa, sai da ɗaya, sai da ita kanta." Bai ga yarinyar tana share ido da bakin mayafi ba.

Ran Alhamis babu Ladingo. Sai Malam ya bi ta gida, ya yi sallama. Uwarta ta leƙo zaure.

Ya ce, "Maman Ladingo, lafiya ba mu gan ta ba?"

Ta ce, "Malam, 'yata ba saura ba ce. Har bakin kasuwa da sunan ake kiranta. Tun da asuba na tura ta birni wajen gwaggonta."

Ya ce, "Wallahi laifin lambar ne, ba nata ba."

Ta ce, "Lambar ce ta tsai da ita a rana kwana uku?"

Sai ya juya ya koma makaranta.

Sati na zagayowa sai ga mai duba makarantu. Ya ƙirga kawuna, ya ce, "Shida. Ai wannan da sauƙi. Uku su tafi makarantar gabas, uku ta yamma."

Cindo ya ce, "Malam, uku sau biyu! Ba saura!"

Malam ya ce, "Daidai ne, ɗana."

Aka sa wa aji kwaɗo, yara suka bi hanya biyu. Sai shi ya saura, tsaye a rana, da alli a hannu.

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya. Ku kuma da kuke ta ƙyalƙyala ɗazu, na ji ku. In kun jera sahu, ku waiwaya ku ga wa aka bari a waje, tun bai tafi ba.