Numfashin Lantana da Takobin Nomau

Da wane haƙƙi ake raba yarinya da ƙaninta, don kawai harshenta ya karɓi sihiri, shi kuwa hannunsa ya karɓi takobi?

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan duwatsun da rana ke faɗawa, an yi wani sarki mai suna Tunau a ƙasar Zarinkai, wanda ya gaji wata doka daga kakanninsa bai taɓa tambayar dalilinta ba. Duk yaron da ya fara famfara, sai a kai shi fada a ajiye masa wuƙa da ƙwaryar toka. In ya ɗauki wuƙa a tura shi Gidan Ƙarfe ya zama mayaƙi, in ya taɓa toka a tura shi Gidan Asiri ya koyi sihiri. Daga ranar nan ba gaisuwa tsakanin gidajen biyu, ba cin abinci tare, ba tsayawa a fili ɗaya, domin an ce ƙarfe yana kashe sihiri. Haka aka raba Lantana da ƙaninta Barau, ta girma tana hangensa daga saman ganuwa ba ta da ikon kiran sunansa.

Ana nan sai wani ifritu mai suna Turnuƙu, wanda jikinsa hayaƙi ne zalla, ya tare mashigin dutsen da hatsi ke shigowa ƙasar. Sarki ya bi al'ada, ya fara tura masu sihiri su kaɗai, da Lantana a cikinsu. Suka karanta kalmominsu, hayaƙin ya dunƙule ya zama tsoka da ƙashi, amma babu mai ko allura a hannu, da numfashinsu ya ƙare ifritun ya watsa su. Sai da aka share filin aka tura mayaƙa. Takubbansu suka yi ta ratsa hayaƙi a banza, ya hura musu iska suka zama duwatsu, da Barau a sahun gaba. Tsofaffi suka ce duk dutsen da ruwan farko na damina ya taɓa ba zai sake zama mutum ba, ga hadari kuwa ya fara leƙowa daga gabas.

Lantana ta shiga fada ba tare da an yi mata iso ba, ta durƙusa ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, da idona na ga Turnuƙu yana da wuyan da za a sara, amma an hana masu sara tsayawa kusa da mu. Ba ifritu ne ya ci mu da yaƙi ba, dokarmu ce. A ba ni mayaƙi ɗaya tak."

Fadawa suka ɗauki salati, Waziri ya ce wannan reni ne ga kakanni. Sai Barde Nomau, wanda aka bari gadin ƙofar gari ranar yaƙin, ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, abokaina suna can a tsaye rana tana dukansu, ni ina nan ina cin tuwo. Ni zan bi ta."

Sarki ya dubi Lantana da Nomau ya ce, "Na ɗage muku doka. Ku tafi."

A hanya suka tsaya gwaji, nan Lantana ta gane cewa kakanni ba ƙarya suka yi ba, rabin gaskiya suka faɗa suka gina katanga a kanta. In Nomau ya matso da takobinsa, kalmomin sukan mutu a bakinta kamar garwashin da aka zuba wa ruwa. In ya yi nisa sihiri ya kama, amma kafin ya iso da gudu numfashinta ya ƙare. Suka yi ta matsawa da ja da baya a gindin wata kuka har gumi ya jiƙe su.

Ta ce, "Barde, gudunka na rakiyar amarya ne."

Ya ce, "Uwar Asiri, numfashinki ma bai kai na kaza ba."

Ta yi dariyar da rabonta da ita tun ƙuruciya. Daga ƙarshe suka sami tazarar, ba kusa ba, ba nesa ba, ta ce masa, "Kome ka gani ya same ni, kada ka motsa sai na ɗaga hannu."

Suka isa mashigin iskar hadari tana kaɗa ƙasa, mayaƙan dutse suna tsaye jeri-jeri da takubba a sama. Turnuƙu ya taso ya rufe rabin sararin sama. Lantana ta cika ƙirjinta, ta fara karatu, hayaƙi ya soma dunƙulewa. Hannunsa ne ya fara zama tsoka, da shi kuwa ya kai mata mari ta faɗi a gwiwa. Nomau bai iya jurewa ba, ya rugo ya tsaya a gabanta da garkuwa, nan take sihirin ya mutu, ifritu ya koma hayaƙi yana ƙyaƙyata dariya.

Ta daka masa tsawa jini yana zuba a bakinta, "Koma wurinka! Tausayinka zai kashe ƙanina!"

Ya koma. Duk yaƙe-yaƙen da ya yi a duniya, babu wanda ya kai wannan tsayuwar wuya. Ta sake jan numfashi. Ifritu ya doke ta a kafaɗa ba ta yanke ba, ya tsaga mata goshi ba ta yanke ba, har ƙirjinsa ya fito, wuyansa ya bayyana da jijiyoyi kamar saiwar gamji. Duhu yana rufe idonta ta ɗaga hannu. Nomau ya keto filin, kafin ƙarfensa ya gama cinye kalmarta ta ƙarshe, takobi ya riga ya raba kan Turnuƙu da gangar jikinsa.

Duwatsu suka fara tari. Barau ya sauke hannu ya dubi matar da ke rarrafowa wurinsa, ya ce, "Baiwar Allah, wace ce ke?"

Ta ce, "Yayarka ce, Barau."

Tana rungume da shi ruwa ya kece, ya zubo a kan fatar mutum mai ɗumi. Ta ɗaga fuska sama tana godiya ga Mai Duka, sannan ta juya ga Nomau ta ce, "Na gode da gudunka, amma na fi gode wa tsayuwarka."

Sarki Tunau ya sa aka rushe katangar da ke tsakanin gidajen biyu, ya umarta kowane mai sihiri ya nemi mayaƙin da za su koyi tazararsu tare, hatsi ya ci gaba da shigowa ƙasa. Da kaka ta yi aka ɗaura auren Lantana da Nomau, Barau ne ya riƙe mata linzamin doki har ƙofar ɗakinta.

Ku da kuka ji wannan labari, a cikinku babu wanda ya ci yaƙinsa shi kaɗai. Ku tashi yau ku nemi wanda ya tsaya muku a ranar wuya, ku kira sunansa, ku gode masa yana raye yana ji.