Batirin Agogo da Turancin Baban Auta

Akwai wani malamin makaranta, mutum mai riƙon iyali, sai dai taƙama da Turanci ta yi masa katutu. Tsofaffin kalmomin da Turawan ma suka daina faɗa, su yake tonowa. A gidansa doka ce: kalmar da ya koyar, wanda ya ƙara faɗinta da Hausa zai sha ranƙwashi.

Wata rana ana cin abinci ya ga autarsa, 'yar shekara biyar, tana zuba loma ba taunawa. Ya ce, "Wannan shi ake kira *ingurgitate*. Daga Latin ya fito. *In*, ciki ke nan. *Gurges* kuwa ruwa ne mai juyawa yana zuƙe komai. Ma'anarsa haɗiyar haɗama. Kar na sake jin 'na haɗiye' a bakin kowa."

Matarsa ta ce, "Baban Auta, ka tausaya mana, harshenmu ba na roba ba ne." Ya galla mata harara.

Ranar hutu ya cire batirin agogonsa, ɗan mitsitsi kamar maɓalli, ya ajiye a tebur. Auta ta jefa a baki tana wasa, sai ta haɗiye shi. Ta zo gabansa.

"Baba, na yi in... inga..."

"Je ki tuno, sannan ki dawo."

Ta tsuguna a bayan ƙofa tana ta gwadawa, har rana ta karkata. Miyau ya fara dalala, ko ruwa ya ƙi wucewa. Uwar ta sure ta tana kuka. "Me kika ci?" Yarinyar ta saci kallon ubanta, ta yi shiru.

Nan malam ya tuna da batirinsa. Ya laluba tebur, ba batiri. Ya zube a gabanta. "Faɗa da Hausa, 'yata. Wallahi ba zan taɓa ki ba."

Da ƙyar ta faɗa.

A asibiti likita ya ce batirin ya daɗe a maƙoshinta, ya ƙona wurin. Malam ya tsaya a bakin ɗakin tiyata yana jira. An ciro batirin, ta rayu, amma watanni da bututu ake ba ta abinci. Muryarta kuwa a dishe take har yau.

Jama'a, ilimi abu ne mai kyau, ku nema. Amma kar ku mai da shi bulala a cikin gida. Yaron da ke tsoron bakinka, ranar da yake cikin haɗari shiru zai yi maka. Ku bar ƙananan nan su faɗi damuwarsu da harshen da ya zo musu.