Ƙoƙon Waziri Cindo

A zamanin da, an yi wani gari a bakin hamada wanda duk arzikinsa rijiya ɗaya ce, kuma duk fitinarsa ita ce. Kowane ayari ya sauka, sai an yi dambe kan rabon ruwa, sai an taso Waziri Cindo ya zo ya raba. Tun yana zuwa a kan doki har ya koma dogara sanda. Ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya warkar da ita, ba abin da yake so illa ya koma ƙauyensu ya mutu cikin danginsa.

Da ya nemi izinin tafiya, Sarki ya ce, "Ba inda za ka, sai rijiya ta zauna lafiya ba kai." Don ya taimaka, wai, ya sa aka yi shela: kowane ayari guga talatin. Mai raƙuma biyu ya yi ta wanka, Madugu Agali mai raƙuma ashirin ya binne uku. Ya zo fada yana kuka.

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, da ƙyar ya tashi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, talatin amsar ayari ɗaya ce tak. Mu kuwa ba mu san yawan raƙuman gobe ba."

Sarki ya ce, "To, ta yaya za a yanke hukunci kan abin da ba a sani ba?"

Waziri ya ajiye ƙoƙo, ba komai a ciki. "Wannan shi ne yawan da ba mu sani ba. Kowane madugu ya jefa tsakuwa ɗaya a kan kowane raƙumi. Hukunci kuwa: abin da ke ƙoƙo sau uku, a ƙara guga huɗu na girki."

Aka gwada. Agali ya zuba tsakuwa goma sha bakwai, ya sami guga hamsin da biyar. Mai raƙuma biyu ya sami goma, ya yi tsaki.

Sarki ba ya son rabuwa da tsohon. Ya ce, "Wa zai raba in ka tafi?"

"Allah ya ba ka nasara, ko wa aka sa. Hukuncin bai san sunana ba."

Da safe ayari ya sauka, aka sha ruwa, ba wanda ya aika a kira shi. Waziri ya tsaya daga nesa yana jira a neme shi, har rana ta ɗaga. Sannan ya juya akalar raƙuminsa gida.