Faifan Laka da Hannun Hagun Najwa

Akwai wani tsoho a gefen garin Doka, kudu da Gadarif a ƙasar Sudan, ana kiran sa Malam Sharu. Shekara arba'in ya yi yana gadin manyan gonakin dawa, yana korar tsuntsayen jan-baki da bindiga. Da ƙarfinsa ya ja baya ya bar aikin, amma hannu bai manta ba.

Shi da matarsa Huseina suna da wani wasa nasu. Bayan ruwa ya ɗauke, Sharu yakan kwaɓa baƙar lakar bayan gida, ya yi ƙananan fayafayi kamar murfin kwano, ya shanya. Ranar Juma'a da la'asar su fita fili, Huseina ta wurga faifai sama, shi kuma ya harbe shi ya farfasa a iska. Maƙwabta sun yi dariya har sun gaji sun daina.

Shekara uku ke nan da rasuwar Huseina. Wasan na mutum biyu ne, ba mai jifa. Duk da haka bai daina yin fayafayin ba. Suka yi ta taruwa a gindin katanga, shi kuma ya zauna a kan angarib ɗinsa, gadon igiya, yana kallon su. Wata rana sai ya wuni bai yi magana da kowa ba sai rediyo. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, ko da yake da za ka tambaye shi zai ce lafiyarsa lau.

Ana nan sai jikarsa Najwa, 'yar ɗansa Nasir, ta zo daga Gadarif. Shekararta goma sha uku. Ta ga tulin fayafayin nan ta tambaya, ya gaya mata. Ranar ta jefa masa guda goma. Suna komawa gida ta ce wa kakan nata, "Jiddu, ni ma ina so ka koya mini."

Tsohon nan ya ji kamar an mayar masa da rabin rayuwarsa. Nasir ya yarda, bisa sharaɗin bindigar za ta zauna a kulle a akwatin kakan, kuma ba harbi sai yana tsaye. Aka shirya duk Juma'a Najwa za ta biyo bas ta zo.

Sharu ya ɗauki takardar izininsa ya tafi wurin Gado, tsohon abokinsa mai gyaran bindigogin farauta a Gadarif. Ya ce yana son bindigar da jikarsa za ta fara da ita.

Gado ya ce, "Kwayyis, ya yi. Kawo yarinyar in gwada tsawon hannunta, in ga idon da take gani da shi."

Sharu ya ce, "Ya zol, kai mutumin nan, ni za ka koya wa bindiga? Ba ni waccan mai baki biyu. Irinta ubana ya ba ni."

"Ta yi mata nauyi, Sharu."

"Za ta saba."

Gado ya san taurin kan abokinsa tun suna samari. Ya miƙa masa.

Juma'ar farko, Najwa ta toshe kunne da auduga, ta karɓi bindiga da murna, ta ɗora a kafaɗar hagu. Sharu ya ɓata rai.

"Mayar dama. A gidan nan ba a ɗaukar abin daraja da hagu."

"Jiddu, ta nan na fi gani."

"Na ce dama."

Ta mayar. Ya jefa faifai, ta harba, faifan ya sauka lafiyarsa ƙalau. Bindigar kuwa ta naushe ta a kafaɗa har sai da ta ja baya. Goma suka jefa, goma ta kuskure.

Haka Juma'a ta biyu. A ta uku, da faifai na ƙarshe ya faɗo bai ko tsage ba, haushi ya kama shi ya ce, "Kakarki da ba ta taɓa riƙe bindiga ba ta fi ki ido. Ɓarnar harsashi kawai muke yi."

Najwa ba ta yi kuka ba. Ta buɗe bindigar ta tsakiya kamar yadda ya koya mata, ta miƙa masa, ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Jiddu."

Juma'a ta huɗu ya je tasha tun bayan saukowa daga masallaci. Bas ta tsaya, leburorin gona suka sauko da buhunansu, wata mata da kaji, shi ke nan. Ya tsaya har bas ta biyu ta zo ta wuce. Juma'a ta biyar ma haka. Ya kira Nasir, Nasir ya ce kafaɗarta ce ke ciwo, kuma ta ce ba ta son ta ƙara ɓata wa kakanta rai.

Gidan ya koma shiru fiye da da, don yanzu ya san abin da ya rasa.

Ya naɗe bindigar a tsumma ya mayar wa Gado. Ya ce, "Karɓi kayanka. Yarinyar ba ta da hannu. Sai son ɗauka da hagu."

Gado ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya dube shi ya ce, "Sharu, na sha zuwa kallon wasanku. Marigayiya, Allah ya ji ƙanta, da wane hannu take jefa maka faifai?"

Sai Sharu ya tuna.

Da hagu ne. Huseina bahaguwa ce. Da dama take cin abinci, da dama take miƙa wa baƙo ruwa, amma jifa da hagu take yi. Shekara talatin tana wurga masa da hannun nan, ko sau ɗaya bai ce ta sauya ba, don jifan yana yi masa daidai. Abin da yarinyar ta gado daga kakarta shi ya yi ta tsawata mata a kai.

Ya zauna a kan benci. Hawaye suka zubo masa a gaban Gado, bai ɓoye ba.

Daga nan gidan Nasir ya wuce. Najwa ta durƙusa za ta gaishe shi, ya ce, "Tashi, ni na zo gaishe ki. Laifina ne. Na zaɓa wa kaina bindiga na ce taki ce. Ki yafe mini."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Khalas, Jiddu, ya wuce."

Suka koma shagon Gado tare. Gado ya huda takarda ya ce ta leƙa ƙusar da ke jikin bango. Ba tare da ta sani ba ta kai hudar takardar kan idonta na hagu. Ya gwada tsawon hannunta, ya ɗauko wata ƙarama mai baki ɗaya, mara nauyi, ya rage katakon gindinta ya sa masa roba. Najwa ta ɗaga ta a kafaɗar hagu, ta zauna ɗas. Sharu na gefe, ko tari bai yi ba.

Ranar Juma'a ya je tasha. Leburori suka sauko. Bayansu sai ga Najwa da 'yar jakarta.

A fili ta kuskure na farko, da na biyu, har na huɗu. Duk lokacin sai ta waiwayo ta dubi fuskarsa, shi kuma ya ce, "Tamam, ba laifi, sake." Na biyar ya tashi sama, ta bi shi, ya tarwatse ya zama gari.

Ta juyo tana dariya ta ce, "Jiddu, karɓi taka, in jefa maka."

Ya girgiza kai ya sunkuya ya ɗauki wani faifan. Ya ce, "Shekara talatin ana jefa mini. Yanzu layina ne. Shirya."

Darasi: Idan za ka koya wa yaro abu, auna shi da jikinsa da halittarsa, ba da abin da kai ka saba ba. Girman kai yana iya korar mutum ɗaya tilo da ya zo ya zauna da kai, kuma babba ba ya raguwa don ya ce wa ƙarami "yafe mini". Ku tura wa iyaye da kakanni, wataƙila wani yana gab da korar Najwarsa bai sani ba.