Manhajar da Ta Ɗaure Mai Ita

A wani ƙaramin kamfanin zanen gidaje akwai wani ma'aikaci mai kula da kwamfutoci, wanda a gabansa ake ce masa Injiniya, a bayan idonsa kuwa Sai-Ni. Ya san aikinsa daidai gwargwado, amma rowar ilimi ta yi masa katutu. Ko firinta ce ta cije, sai ya juya wa mutane baya kafin ya gyara, don kada wani ya ga abin da ya taɓa.

Da aiki ya yi yawa, mai kamfanin ya sayo saba, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe zanen kowa, ta haɗa kwamfutocin ofis goma sha biyu. Saura zaɓen babbar manhajar da za ta tafiyar da ita. Sakatariyar kamfanin, wadda ta ɗan yi karatun kwamfuta, ta ba da shawarar a sa wadda aka sani, mai littafin bayani, wadda masu ita ke sabuntawa kuma kowane mai gyara zai iya kamawa.

Sai-Ni ya dube ta a wulaƙance. "Malama, ki tsaya ga buga wasiƙunki. Wannan ba girkin gida ba ne."

Ya je ya tono wata manhaja daga lungun intanet, wadda masu ita suka daina waiwayarta tun shekaru huɗu da suka wuce. Ba hoto, ba abin dannawa, sai baƙin allo da rubutu. Ya cika mai kamfanin da turanci har bawan Allah ya gaji ya amince. Gaskiyar magana ba ingancinta ya ja shi ba. A gida ya faɗa wa matarsa yana dariya cewa daga yau ba wanda ya isa ya kore shi, tunda in ya fita kamfanin ya mutu. Bai rubuta komai a takarda ba, kalmar sirri ma a kansa ya bar ta.

Shekara biyu yana shan sharafinsa. In sabar ta tsaya, a yi ta nemansa, ya shigo yana taku ɗai-ɗai kamar ango, ya kulle kansa a ɗan ɗakin da take, ya fito ana yi masa sannu. Abin takaici, shi a ganinsa wannan shi ne daraja.

Sai kamfanin ya shirya buɗe reshe a wani gari, ana neman shugaba, da gida da mota. A tsufan aiki Sai-Ni ne a gaba, kowa ya san haka. Matarsa ta fara ɗaure kaya, ta sanar da yayyenta, har surukarsa ta zo yi musu sallama. Mai kamfanin ya ce ya tafi ya duba wurin na mako guda tukuna.

Kwana biyu da tafiyarsa sabar ta tsaya cak. Zane ya ƙi buɗuwa, masu zane suka zauna suna kallon juna, wani mai gini ya yi fushi ya kwashe aikinsa. Aka kira masu gyara har uku, kowanne ya leƙa baƙin allon ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Dole aka kira Sai-Ni ya dawo, ya kuwa dawo yana fara'a, wai an ga amfaninsa.

Da ya gyara, mai kamfanin ya zaunar da shi.

"Injiniya, kai na so in tura. Amma in ka tafi, wa zan bar wa wannan ɗaki?"

"Yallaɓai, zan canza manhajar. A ba ni wata uku."

"Litinin za a buɗe reshe."

Sakatariya aka tura, don ita duk aikinta a rubuce yake, cikin yini ɗaya ta miƙa shi ga wata. Ranar Litinin Sai-Ni ya koma ɗan ɗakinsa marar taga, matarsa kuma tana gida tana kwance ƙullin kaya, ko kallonsa ba ta son yi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda aka damƙa wa zaɓen kayan aikin jama'a, ya zaɓi abin da wani zai iya riƙewa a bayansa, ya kuma rubuta abin da ya sani. Mai ɓoye ilimi don kada a iya rabuwa da shi zai sami abin da ya nema: ba za a kore shi ba, ba kuma za a ɗaga shi daga inda yake ba.